Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu: Yadda Hanyar Hajji Ta Haifi Al'umma a Sudan

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya hore wa bayinSa tafiya a cikinta domin bauta da neman halal. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, shugaban masu hijira, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Duk mai bin labarin Sudan a 'yan shekarun nan ya ji ana ambaton Hausawa a Damazin da Rusairis da Sinnar da Wad Madani, sau da yawa cikin labarin rikici da gudun hijira. Ɗalibai da masallata suna yawan tambaya: me ya kai Hausawa can? Wasu suna zaton 'yan cin rani ne da suka tafi kwanan nan. Ba haka abin yake ba. Mafi yawansu 'yan Sudan ne haihuwar can, an binne iyayensu da kakanninsu a can, kuma da yawansu ba su taɓa taka Kano ko Sakkwato ba. Wannan maƙala ta tattara tarihin zuwansu zango-zango, da dalilan da suka riƙa juya alƙiblar tafiyar, da abin da zaman ya haifar.

Sunayen da ake kiran su da su

Sunaye uku ne suka fi yawo. Na farko Takarir, jam'in Takruri. Asalinsa sunan tsohuwar daular Takrur ce da ke bakin kogin Sanagal, sai mutanen Masar da Hijaz suka mayar da shi sunan duk alhajin da ya fito daga yammacin Afirka. Daga nan kalmar "takari" ta shigo bakin Bahaushe. Na biyu Fallata, wanda asalinsa sunan da Barebari ke kiran Fulani ne, amma a Sudan aka faɗaɗa shi ya haɗe Fulani da Hausawa da Barebari da Zabarmawa da sauransu. A bakin wasu wannan suna yana ɗauke da raini. Na uku shi ne Hausa, wanda mutanen suke kiran kansu da shi, kuma shi ya fi fitowa a siyasa da kafafen labarai a yau.

Haka nan akwai bambanci tsakanin kalmomin tafiya. Hijira a shari'a ita ce barin inda mutum ba ya iya bayyana addininsa zuwa inda zai iya. Ƙaura ita ce sauya mazauni saboda kowane dalili. Cin rani tafiya ce ta neman kuɗi da niyyar komawa kafin damina. Tarihin Hausawan Sudan ya haɗa duka ukun, ga kuma tafiyar hajji wadda ita ce uwarsu.

Inda suke zaune

Jazira da Larabci tana nufin tsibiri. Ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kafin kogunan biyu su haɗu a Khartum. Babban birninta Wad Madani. Shuɗin Nilu, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, yana tasowa daga tafkin Tana a Habasha, ya shigo Sudan ya ratsa Rusairis da Sinja da Sinnar da Wad Madani. A zamanin Turawa duk wannan yanki lardi ɗaya ne, amma yanzu an raba shi jihohi uku: Jazira, Sinnar da Shuɗin Nilu.

Ƙauyukan Hausawa da Fulani sun jeru a gaɓar wannan kogi da rassansa biyu, Dindir da Rahad, da kuma cikin gonakin noman rani na Jazira. Akwai su da yawa a Gadarif da Kasala da Bur Sudan ta gabas, da Kosti da Ubayyid da Niyala da Junaina ta yamma. Wanda ya ɗora waɗannan garuruwa a kan taswira zai ga sun yi layi ɗaya daga iyakar Chadi zuwa Bahar Maliya. Wannan layi shi ne tsohuwar hanyar hajji.

Zango na farko: daga hanyar hamada zuwa hanyar gabas

A ƙarnonin farko alhazan yammacin Afirka ta arewa suke bi. Ayari yakan tashi ya ratsa Agadas da Gat da Fazzan ya isa Alƙahira, daga can ya shiga ayarin alhazan Masar. Ta Masar Mansa Musa na Mali ya bi a 1324, haka ma Askiya Muhammadu na Songai a ƙarshen ƙarni na 15. Wannan hanya tana buƙatar raƙuma da guzuri mai yawa da kuɗin ja-gora, saboda haka ta fi dacewa da sarakuna da attajirai da manyan malamai.

Hanyar gabas ta buɗe ne bayan Musulunci ya kafu a daulolin da ke tsakanin tafkin Chadi da Nilu: Bagarmi, Wadai, Darfur, da daular Funj ta Sinnar wadda ta rayu daga 1504 zuwa 1821. Wannan hanya ba hamada ba ce. Akwai gari bayan gari, akwai rijiyoyi da gonaki da kasuwanni. Talaka yana iya tafiya da ƙafa, ya tsaya ya yi ƙodago ko ɗinki ko wanzanci ko koyar da allo, in ya tara guzuri ya ƙara gaba. Baturen matafiyi Burckhardt ya tarar da irin waɗannan alhazai a Shandi da Sawakin a 1814, ya kuma rubuta labarinsu. A ƙarni na 19 garin Gallabat da ke iyakar Habasha ya shahara a matsayin mazaunin Takarir, har da shehunansu masu mulki.

Akwai dalili na fiƙihu da ya ƙarfafa wannan tafiya, wanda ya kamata ɗalibi ya sani. Hajji yana wajaba ne a kan mai iko. A wurin Shafi'iyya da Hanbaliyya ikon ya ƙunshi mallakar guzuri da abin hawa ga wanda yake nesa. A mazhabar Malikiyya kuwa, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shaihu Khalil, abin lura shi ne yiwuwar isa Makka ba tare da matsananciyar wahala ba, tare da aminci a kan rai da dukiya. Saboda haka mai ƙarfin tafiya da ƙafa wanda yake da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya ana lissafa shi cikin masu iko. Mutanenmu 'yan Malikiyya ne, sun karanta wannan a zaure, sun kuma yi aiki da shi. Sai tafiyar ta zama ta shekaru. A cikinta ake aure, ake haihuwa, ake mutuwa, wasu kuma su yada zango su ce sai baɗi, baɗin ta zama shekara ashirin.

Zango na biyu: jiran Mahadi da hijirar 1903

Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sun ginu ne a kan hijira. Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, ya kuma wallafa littafin Bayanu Wujubil Hijra a 1806. Tun a wancan zamani ya yaɗu cikin jama'a cewa a ƙarshen al'amari za su ƙaura gabas zuwa wajajen Nilu su haɗu da Mahadi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama yana umartar sa ya riƙa bincika labarin gabas saboda wannan. Sau da dama mutane sun tashi za su tafi, shugabannin Sakkwato suna mayar da su da cewa lokaci bai yi ba.

A 1881 Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahadiyyanci a Sudan, ana gab da shiga shekara ta 1300 ta Hijira, kuma mabiyansa suka ci Khartum a watan Janairu 1885. Sarakunan Sakkwato ba su karɓi da'awarsa ba. Amma Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, wanda ya zauna a Balda ta ƙasar Adamawa, ya yi masa mubaya'a, kuma mutane da yawa daga yamma suka tafi suka shiga rundunarsa. Daular Mahadiyya ta faɗi a hannun sojojin Ingila da Masar a yaƙin Karari, kusa da Umdurman, ranar 2 ga Satumba 1898.

Bayan shekara biyar Turawan Ingila suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. A nan malamai suka rabu gida biyu. Wasu suka ga hijira ta wajaba. Wasu, cikinsu har da Waziri Buhari, suka ga ya halatta a zauna a yi sulhu na zahiri domin kare rayukan Musulmi da addininsu, tunda Turawan ba su hana salla da azumi ba. Kowane ɓangare yana da hujjojinsa, kuma Waziri ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana bayyana uzurinsa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya ya zaɓi hijira. Ya nufi gabas, talakawa da malamai da wasu sarakuna suna barin garuruwansu suna bin sa. Turawa suka bi sawunsa har Burmi ta ƙasar Gwambe. A can aka yi yaƙi ranar 27 ga Yuli 1903, shekara ta 1321 ta Hijira, Attahiru ya yi shahada tare da mutane sama da 600, aka kuma kashe jagoran sojan Turawa, Manjo Marsh. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba. Bayan tafiya ta shekaru suka isa Shuɗin Nilu wajajen 1906, suka sauka a garin Shaihu Ɗalha, wanda dama wani malami Bafulatani ne ya kafa shi. Daga baya suka tsallaka kogi suka kafa gari a kudu da Sinnar, aka sa masa laƙabin shugabansu. Shi ne Mayurno ta yau, kuma har yanzu zuriyarsa ke riƙe da sarautar garin da sunan Sultan.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka gudu daga mulkin Ingilishi sun tarar da shi a gabansu, domin tun 1899 Ingila da Masar ke mulkin Sudan tare. Turawan sun bar su sun zauna saboda buƙatarsu. Yaƙe-yaƙe da yunwa da annoba na zamanin Mahadiyya sun rage mutanen yankin ƙwarai, gonaki sun koma daji, ana neman masu noma. Mayurno ta zama masauki ga masu zuwa daga baya, daga cikinta kuma ake fita a kafa sabbin ƙauyuka a gaɓar kogi.

Zango na uku: auduga da jirgin ƙasa

Taron da ya fi yawa bai zo a 1903 ba. Ya zo ne a shekaru hamsin da suka biyo baya, kuma abubuwa biyu suka haɗu: masu kora daga gida da masu ja daga gabas.

Masu kora sun haɗa da harajin Turawa da ake biya da kuɗi, da aikin tilas da kamun soja a ƙasashen da Faransa ke mulka, wato Nijar da Chadi, da fari da yunwa irin ta 1913 zuwa 1914. Akwai kuma bayi da suka sami damar barin iyayengijinsu, suna neman inda ba a san asalinsu ba.

Masu ja kuwa su ne hanya da aiki. An buɗe tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan a 1909. Layin dogo ya tashi daga Khartum ya ratsa Wad Madani da Sinnar da Kosti, ya isa Ubayyid kafin yaƙin duniya na ɗaya. A 1916 Turawa suka ci Darfur bayan kashe Sultan Ali Dinar, hanya ta zama a hannun hukumomi tun daga Barno har teku. Alhaji yakan bi ta Maiduguri da Dikwa da Kusuri, ya haye zuwa Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, ya wuce Abeshe da Adre da Junaina da Fashir har Ubayyid, inda zai hau jirgin ƙasa. Daga baya manyan motoci suka shigo hanyar.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman rani na Jazira da faddani 300,000. Bayan faɗaɗawar Manaƙil a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, shirin ya kai kusan faddani miliyan 2, wato sama da hekta 800,000, ya zama ɗaya daga cikin mafi girman gonakin ban ruwa a duniya. Manufarsa samar da auduga ga masaƙun Ingila. An raba ƙasar gona-gona, kowace ana kiran ta hawasha, aka ba manoma 'yan ƙasa. Manomi yana samun kashi 40 cikin 100 na kuɗin auduga, gwamnati da kamfanin Turawa su raba sauran, har zuwa 1950 lokacin da gwamnati ta karɓe shirin.

Auduga tana cin hannu: shuka, cirar ciyawa, ban ruwa, tsinka, da tumɓuke karare. Mai hawasha da iyalinsa ba sa iyawa su kaɗai. A nan alhazan yamma suka shigo. Sun saba da noma, suna tafe da iyalansu, ba sa shan giya, suna da burin tara kuɗin jirgi da na karantina a Sawakin. Wasu sun sami hawasha, amma mafi yawansu sun zauna a matsayin 'yan ƙodago ko masu noman raba-daidai, a ƙauyuka na daban a gefen magudanan ruwa. Da aka fara noman dawa da riɗi da injuna a yankin Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, wannan ma ya ja wasu dubbai. Lokacin da aka yi ƙidayar farko a 1955 zuwa 1956, mutanen Sudan sun ɗan haura miliyan 10, kuma 'yan asalin yammacin Afirka a cikinsu sun kai dubban ɗaruruwa.

Wani masanin zamantakewa ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, ya zauna da Hausawan Jazira ya wallafa littafi a kansu a 1995. Ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen matafiyan farko har lokacin suna ɗaukar kansu alhazai ne a kan hanya, ko da yake a can aka haife su.

Zango na huɗu: jirgin sama ya tsallake Sudan

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A ƙarshen shekarun 1940 wasu attajiran Kano, cikinsu har da Alhaji Mahmudu Ɗantata, suka kafa kamfanin jigilar alhazai wanda unguwar Wapa a Fagge ta samo sunanta daga gare shi. Sun fara da motoci, sannan aka koma jirgin sama daga filin jirgin Kano. Tafiyar da ke cin shekaru ta koma ta sa'o'i. Bayan samun 'yancin kai, Sudan a 1956 da Nijeriya a 1960, fasfo da biza da katin rigakafi suka zama dole, iyakoki suka yi tsauri, yaƙin basasar Chadi kuma ya lalata tsaron hanya. Da kuɗin man fetur ya shigo, aka kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, kuma a 1977 alhazan Nijeriya suka haura 100,000, kusan dukansu ta sama.

Sakamakon haka ya zo ta fuska biyu. Ta farko, sabbin zuwa suka ragu ƙwarai, al'ummar da ke Sudan ta daina ƙaruwa da baƙi, ta koma ƙaruwa da haihuwa. Ta biyu, mai neman aiki ya daina tsayawa a gonar auduga, ya wuce kai tsaye Makka da Madina da Jidda. Su kansu 'yan Sudan sun kwarara zuwa ƙasashen Larabawa masu fetur bayan 1973. Gurbin ƙodago a Jazira sai mutanen Darfur da Kurdufan da Chadi suka riƙa cikewa, musamman bayan farin 1984 zuwa 1985. Matsugunan ma'aikatan gona ana kiran su kanabi, tilonsu kambo, kuma akasarinsu ba su da takardar fili ko isassun makarantu da asibiti.

Hanya ɗaya ce ba ta yanke ba, ita ce ta ilimi. Malaman Sudan ne suka koyar a Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi yana cikin ɗaliban da aka tura Bakhtur Ruda a tsakiyar shekarun 1950. Daga baya Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum ta karɓi dubban ɗalibanmu.

Irin wannan juyawar alƙibla ba a gabas kaɗai ta faru ba. Fataken goro sun kafa zanguna a Salaga da Kumasi, sai dokar korar baƙi ta Gana a 1969 ta maido da dubbai gida. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi. Daga baya matasa suka koma tsohuwar hanyar Agadas, wannan karon zuwa Libiya da Aljeriya da Turai. Mutanen ɗaya ne, buƙatar ɗaya ce, ƙofar da ta buɗe ce take sauyawa.

Abin da zama ya sauya

Hausa ta zama harshen da ke haɗa 'yan yammacin Afirka a Sudan, ko da yake a Mayurno da wasu ƙauyuka Fulatanci yana da ƙarfi. Hausar can ta ɗebi kalmomin Larabcin Sudan masu yawa, kuma Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum ya yi littafi a kan wannan a 1999. A ƙauye yaro yana tashi da Hausa ya koyi Larabci a makaranta da kasuwa. A birni kuwa akwai gidajen da Larabci ya rinjaya, Hausa ta rage a bakin tsofaffi.

Su ma sun bar alamarsu. Sun shahara da noman lambu a gaɓar kogi, da kamun kifi, musamman bayan gina madatsar Rusairis a 1966, da tuƙin manyan motoci, da ɗinki, da makarantun allo waɗanda a can ake kira khalwa. Naman da 'yan Sudan ke kira agashe, mai ƙuli da yaji, tsiren Bahaushe ne, sunansa ma Hausa ne.

Takardar ɗan ƙasa da mallakar ƙasa

A nan ne ciwon yake. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shar'anta cewa mutum ko kakanninsa ta wajen uba su kasance mazauna Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Wannan sharaɗi ya fitar da mutanen Mai Wurno da duk waɗanda suka zo bayansu. Daga baya aka matso da shekarar zuwa 1924, sannan dokar 1994 ta mayar da ita 1956. Doka ta sassauta, amma kallon baƙo bai gushe daga zukatan wasu ba.

Bayan wannan akwai tsarin sarautun gargajiya, inda ake ɗaukar kowane yanki a matsayin gidan wata ƙabila, shugabanta ke da iko da rabon ƙasa. Wanda ba shi da sarautar da hukuma ta amince da ita, yana noma ne a ƙarƙashin wani, ko da kakansa ne ya sare dajin. Jihar Shuɗin Nilu kuma ta daɗe cikin yaƙi tsakanin gwamnati da 'yan tawaye, wanda ya sake ɓarkewa a watan Satumba 2011, ya bar makamai da zargin juna tsakanin ƙabilu.

A watan Yuli 2022 rikici ya tashi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, irin su Barta da Hamaj, bayan neman da Hausawa suka yi na a ba su sarautarsu. An kashe mutane sama da 100 a Ƙaisan da Rusairis da kewaye. Hausawa suka yi zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif da Bur Sudan da wasu birane. A watan Oktoba faɗa ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa rayuka kusan 200 cikin 'yan kwanaki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba an kashe aƙalla mutum 359, an raba kimanin 97,000 da gidajensu. An sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu a Damazin a watan Janairu 2023. An zubar da jini ta kowane ɓangare, kuma akasarin masu kisan da waɗanda aka kashe alƙiblarsu ɗaya.

Yaƙin 2023: masauki ya zama abin gudu

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Mutanen Khartum suka gudu zuwa Wad Madani, sai RSF ta kama ta a watan Disamba 2023, ta kama Sinja a ƙarshen Yuni 2024. Sojoji sun ƙwato Sinja a watan Nuwamba 2024, suka ƙwato Wad Madani ranar 11 ga Janairu 2025. A tsakanin haka an wawashe ƙauyuka, noma ya tsaya a wurare da yawa, an kuma kai hare-hare a kan mazauna kanabi bisa zargin goyon bayan wani ɓangare. Mutanen da yaƙin ya raba da gidajensu sun haura miliyan 11, miliyoyi daga cikinsu sun tsallaka zuwa Masar da Chadi da Sudan ta Kudu da sauran maƙwabta. Nijeriya ta kwaso 'yan ƙasarta sama da 2,000 a 2023, yawancinsu ɗalibai. Garin Adre, wanda alhazanmu ke ratsawa suna fuskantar gabas, yau cike yake da 'yan Sudan da suka shigo suna fuskantar yamma.

Abubuwan da ɗalibi zai riƙe

Na ɗaya, ƙaura ba ta da dalili guda. Ibada ce ta buɗe hanyar gabas, mamayar Turawa ta tura jama'a cikinta, auduga ta zaunar da su, jirgin sama ya yanke ta, yaƙi ya juya ta.

Na biyu, wanda ya fita da niyyar komawa ba lalle ne ya koma ba. Mai shirin tafiya ya san cewa yana yanke hukunci ne a kan 'ya'yan da ba a haifa ba: harshensu, karatunsu, da takardar da za su riƙe.

Na uku, Bahaushe yana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma wanda aka haifi kakansa a gari ya wuce raɓa. Aya ta 100 a Suratun Nisa'i ta yi wa mai hijira domin Allah alkawarin mafaka da yalwa, aya ta 9 a Suratul Hashri ta yabi Ansar saboda son waɗanda suka yi hijira zuwa gare su da fifita su a kan kansu, aya ta 13 a Suratul Hujurat kuma ta sanya taƙawa ma'aunin fifiko, ta mayar da ƙabila abin sanin juna kawai. A fiƙihu akwai babin raya mataccen fili, wanda ya tabbatar da haƙƙi ga wanda ya raya ƙasar da ba ta da mai ita, bisa sharuɗɗan da malamai suka bayyana, ciki har da izinin shugaba a ƙasar da ke kusa da gari. Haka nan wajibi ne a kan wanda ya zo ya kiyaye haƙƙin wanda ya tarar, ya nemi nasa ta hanyar hukuma da sulhu.

Na huɗu, wannan hukunci yana hawa kanmu. Ba daidai ba ne mu yi kukan an kira ɗan'uwanmu baƙo a Damazin ko Jos, alhali muna hana wanda aka haifa a unguwarmu takardar shaidar ƙaramar hukuma, ko auren 'yarmu, ko limancin masallaci, saboda kakansa daga wani wuri ya zo.

Na biyar, zumunta a ƙafa take. Mutanen nan jininmu ne, kuma 'yan'uwanmu ne a addini, su da maƙwabtansu na sauran ƙabilu. Haƙƙinsu ne mu san tarihinsu, mu sa su a addu'a, mu taimaka ta amintattun hanyoyin agaji, mu kuma guji yaɗa hotuna da labaran da ba a tantance ba waɗanda ke hura wutar ƙabilanci.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanyar ƊakinSa, Ya kashe wutar fitina a Sudan, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu cikin aminci, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.